Tarihin Marigayi Furofesa Abdu Mumuni, Ɗan Tasawa da Ya Sa Rana Aiki

Duk gidan da yaro ya taɓa samun bak ya tafi Yamai karatu, an san sunan Abdu Mumuni, don shi ne sunan babbar jami'ar ƙasarmu. Amma in ka tsaya kasuwar Madawa ka tambayi mutum goma wane ne shi, wani zai ce maka minista ne, wani ya ce soja ne. To, malamin makaranta ne. Fizik da shimi ya karanta, su ya koyar har ya bar duniya ranar 7 ga watan Afrilu 1991. Ga tarihinsa, da abin da ya shafe mu a ciki.

Daga Tasawa zuwa Dakar

A takardun Faransanci ana rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo. An haife shi ranar 26 ga watan Yuni 1929 a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi, can bakin kogin Kwara. Ya yi firamare a Damagaram da Yamai.

A tuna da yadda zamanin yake. Nasara ke mulki, lakwal kaɗan ce, kuma iyaye da yawa ɓoye ƴaƴansu suke kada a kai su. Wanda aka kai ma, ba don ya zama masani ake koya masa ba. Abin da mai mulki yake bukata shi ne tafinta, magatakarda, da mai taya likita aiki. Duk faɗin Nijar babu jami'a, babu ma inda yaro zai yi karatu har ya kai ga bak. Wanda ya yi zarra sai a tura shi Sanagal.

Haka aka yi da Abdu Mumuni. A 1944 ya shiga makarantar William Ponty, wadda ke tattara yara masu ƙwazo daga dukan ƙasashen Afirka ta yamma da Faransa ke mulka. Yawancin waɗanda suka fito daga nan aikin mushe ko na ofis suke kamawa, shi ke nan karatu ya ƙare. Shi kuwa sai ya zarce lise ta Dakar, daga nan ya ƙetare teku zuwa birnin Paris, ya shiga ajin share fage na lise Saint-Louis, inda ake gasa yara da lissafi, fizik da shimi kafin su shiga manyan makarantu. Ya samu lisans a 1953, ya ƙara wata takarda ta zurfafa karatu a 1954.

A 1956 ya ci jarrabawar da ake kira agregasiyon. Gasa ce ta ƙasar Faransa baki ɗaya, wadda ake zaɓen ƙwararrun malamai da ita. Wurare ƙidayayyu ne, kuma da ƴaƴan Faransawa ake karawa, cikin harshensu, a ƙasarsu. Shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko daga ƙasashen renon Faransa da ya ci ta a wannan fanni. Shekarunsa 27 a lokacin.

Mene ne wannan karatu?

Kafin mu ci gaba, bari mu buɗe wa iyaye abin da ake nufi, don da yawa suna biyan kuɗin karatun fizik-shimi ba su san me yaro yake koyo ba. Fizik shi ne sanin yadda zafi, haske, kuran da motsi suke aiki. Shimi kuwa sanin sinadaran da aka gina kowane abu da su ne, da yadda suke haɗuwa su rabu. A tsarin Faransa, wanda shi muka gada, tare ake koyar da su, don ɗaya bai tafiya sai da ɗaya.

Shimi ta rabu gida-gida. Akwai ɓangaren da ke duba abubuwa irin su mai, sukari da fetur. Akwai kuma ɓangaren duwatsu, gishiri, kanwa da ƙarafa. Duk wanda ya shiga wannan ɓangare na biyu a jami'a, abin da zai fara haddacewa shi ne wani babban allo da wani masani ɗan Rasha mai suna Mendeleyev ya tsara a 1869, inda aka jera sinadaran duniya gida-gida bisa halayensu. Yau an san guda 118. A tsakiyar allon akwai wani babban dangi na ƙarafa, kuma kun san da yawa daga cikinsu: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, azurfa, zinariya, da wasu irin su nikel, kurom, manganis da kobal. Tutiya tana zaune daga gefensu.

Waɗannan ƙarafa suna da halaye na kansu. Suna da ƙarfi, suna ɗaukar zafi da kuran, suna yarda a gauraya su da juna, kuma in sun haɗu da wani sinadari sai su ba da launi. Jar ƙasar nan da marmarar da ke saman tsaunukan Adar, tun daga Buza har Keita, ƙarfe ne da ya haɗu da iska ya ba ta wannan ja, daidai da tsatsar da ke cin gindin tano. Koren da ke fitowa jikin tsohon munduwar tagulla aikin jan ƙarfe ne. Jinin jikinmu ma ƙarfe ne ke riƙe masa iskar da muke shaƙa, shi ya sa a gidan likita ake ba mace mai ciki ƙwayar ƙarin jini, wadda ƙarfe ne a cikinta. Hatta takin zamanin da ake zuba wa albasa a fadamun Madawa da Galmi, a masana'anta sai an bi da iska ta kan ƙarfe kafin a samu sinadarin da ake yin sa da shi.

Kuma wannan sani ba baƙo ba ne a ƙasar Adar. Kakannin maƙeranmu sun daɗe suna haƙo tama, su gina murhu na yumɓu, su jera tama da gawayi, su hura wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Abin da ke faruwa cikin murhun nan shi ne darasin da ɗalibi yake rubutawa a jami'a: iskar da gawayi ke fitarwa ita ke janye iskar da ta maƙale wa ƙarfe cikin dutse, ta bar shi tsantsa. Maƙeri ya san yadda ake yi. Ɗan jami'a yana koyon dalilin da ya sa hakan ke faruwa, da awo da lissafi, don ya iya yi da yawa, ko ya yi da wani ƙarfen da kakansa bai taɓa gani ba.

Ya bar albashi ya bi Gine

Tun yana ɗalibi a Faransa, Abdu Mumuni bai tsaya ga littafi kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke Faransa, wadda ake kira FEANF, sannan yana cikin mutanen farko na jam'iyyar PAI da aka kafa a Sanagal a 1957, mai neman ƴancin kai kai tsaye.

Da ya gama karatu sai ya dawo Dakar yana koyarwa a lisen da ya yi. Mai agregasiyon a lokacin babban ma'aikacin gwamnatin Faransa ne, albashi mai kauri, gaba a buɗe. Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga watan Satumba 1958, wadda Janar De Gol ya kira. Dattawanmu suna tune da ita: a nan Nijar Jibo Bakari da Sawaba sun nemi a ce a'a, ba su yi nasara ba. Gine ta Seku Ture ce kaɗai ta ce a'a. Faransa ta fusata, ta kwashe malamanta, likitocinta da ma'aikatanta, ta bar makarantu babu masu koyarwa. Wasu ƴan bokon Afirka suka ajiye aikinsu suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su rufe. Abdu Mumuni yana cikinsu. Ya san abin da zai rasa, ya tafi.

Bayan haka ya samu damar zuwa Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1960, inda ya zurfafa bincike kan makamashin rana a ƙarƙashin babbar cibiyar kimiyya ta ƙasar. Daga nan rayuwarsa ta ɗauki hanyar da aka san shi da ita. A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, ƙasar Mali, yana kuma koyarwa. A 1967 ya kare babban digirinsa na dakta a Faransa. Binciken ya shafi madubai masu lanƙwasa, waɗanda ke tattara hasken rana wuri guda har ya zama wuta.

Littafin da ya rubuta kan lakwal

A wannan shekara ta 1964 ne aka buga littafinsa a Paris mai suna L'Éducation en Afrique, wato tarbiyya da karatu a Afirka. Har yau ana karanta shi a makarantun horon malamai. A ciki ya fara da bayanin yadda mutanenmu suke tarbiyyar yara tun kafin zuwan Nasara: yaro yana koyo ne cikin aiki, a gona, a maƙera, a bayan garke, kuma gari duka ke renonsa. Sannan ya nuna yadda lakwal ta mulkin mallaka ta raba yaro da wannan duka, ta koya masa raina aikin hannu da harshen uwarsa. Ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu, a yaƙi jahilci tsakanin manya, a ba kimiyya da sana'a babban wuri, a kuma haɗa karatu da bukatun ƙasa.

Kun ga ke nan, gardamar da ake yi yau kan koyarwa da Hausa da sauran harsunan ƙasa, shi ya yi ta tun muna da shekara huɗu da samun mulkin kai.

Dawowa gida

A 1969 ya dawo Nijar ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, ya riƙe shi har 1985. Tunaninsa a fili yake. Ƙasarmu ba ta da teku, a lokacin fetur daga nesa ake kawo shi da tsada, itacen girki yana ƙarewa, amma rana ba ta yanke mana ba ko sau ɗaya. Abin da muke kuka da shi a watan Afrilu da Mayu, shi ya ɗauka a matsayin dukiya.

A ONERSOL an ƙera na'urorin dafa ruwa da rana, da na tace ruwa, da murhun girki, da na busar da kayan gona, an kuma yi gwajin injin da zafin rana ke juyawa don jawo ruwa. Ba a tsaya ga gwaji ba, an buɗe wurin ƙira ana sayarwa, kuma hannun ƴan ƙasa ne ke yankan ƙarfen yana haɗawa.

Mu ɗauki na'urar dafa ruwa mu ga yadda karatun ƙarafa ke shiga ciki. Akwati ne mai murfin gilashi, a cikinsa faranti baƙi da bututu. Rana ta ratsa gilashi, faranti ya sha zafi ya miƙa wa ruwan da ke cikin bututu. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya hau tanki da kansa, na sanyi ya sauko, babu inji babu kuran. Da sauƙin faɗi. Amma mai ƙira sai ya amsa tambayoyi. Wane ƙarfe zai sa? Jan ƙarfe ya fi saurin ɗaukar zafi, amma da tsada. Baƙin ƙarfe da araha, amma ruwa na sa shi tsatsa, sai an lulluɓe shi da tutiya kamar yadda ake yi wa tol ɗin rufi da bokiti. In aka haɗa ƙarfe iri biyu cikin ruwa ba da sani ba, ɗaya zai cinye ɗaya a hankali har wurin ya huje. Baƙin da ake shafa wa faranti ma ba duka ɗaya ba ne: a masana'antu ana yin wani da kurom ko nikel, mai shan zafin rana ya riƙe shi. Madubin da ke tattara haske kuwa, siririn shafen azurfa ko alminiyom ne ke mayar da hasken. Wanda bai san halin waɗannan ƙarafa ba, sai dai ya saya, in ta lalace ya jefar.

Fari na 1973 da 1974 ya ƙara fito da maganarsa fili. Dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe, hamada ta matso. Mu nan mun ga abin da idonmu: tsaunukan Keita sun zama ƙeƙasassu har sai da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suna tare ruwa, ana dasa itace. Masu wannan aiki suna dasawa, shi kuma yana neman hanyar da za a rage sarewa.

Sai dai a faɗi gaskiya, kayan ONERSOL ba su yaɗu cikin karkara ba. Na'urar dafa ruwa ta fi zama a birni. Murhun rana bai kori murhun duwatsu uku ba, don tuwon dare bayan faɗuwar rana ake tuƙa shi, kuma kuɗin sayen na'ura ya fi ƙarfin talaka. Ƙarfe da gilashin da ake aiki da su ma daga waje ake shigo da su. Mutum ɗaya, komai iliminsa, ba ya zama masana'anta.

Malami har ƙarshe

Wataƙila shi ya sa bai taɓa barin allo ba. An buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. Ya koyar da fizik a sashen kimiyya, ya kuma shugabanci jami'ar daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980. Ƙungiyoyin duniya irin su UNESCO sun riƙa neman shawararsa kan makamashin rana. Maiɗakinsa, Aisata Mumuni, ita ce mace ta farko da ta shiga gwamnati a Nijar, a 1987, zamanin Janar Ali Shaibu.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Ranar rasuwarsa ce kuma aka ware a ƙasa don tunawa da makamashin da ba ya ƙarewa, irin su rana da iska.

Abin da ya rage gare mu

Yau rana ta shigo ƙauye, amma ta wata ƙofa. Fano yana saman ɗakuna, ana cajin salula da shi, ana jawo ruwan garka da shi. A Malbaza, nan kusa da mu, an buɗe tashar kuran ta rana mai megawat 7 a 2018. Abin da ya hango ya tabbata. Amma a duba kayan: fano daga waje, batir daga waje, waya daga waje. Siraran layukan nan farare da kuke gani a fuskar fano azurfa ce, wayar da ke cikin roba jan ƙarfe ce, batir ɗin salula da yawa akwai kobal a ciki. Kuɗin da ƴan bida ke aikowa gida, wani kaso nasa can yake komawa inda aka san sirrin waɗannan ƙarafa.

Ƙasarmu kuwa ba matalauciya ba ce a ƙarƙashin ƙasa. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Akwai tama a yankin Sayi, akwai gawayin ƙasa a Salkadamna cikin jiharmu ta Tawa, akwai dutsen da ake siminti da shi a Malbaza. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, samarinmu nawa suka tafi haƙa? A wuraren haƙar zinariya da yawa ana kama ta da zaiba, a ƙona, mutum ya shaƙi hayaƙin bai san yana lalata masa ƙwaƙwalwa da ƙoda ba. Wannan darasi ne da ɗan shekarar farko a sashen shimi ya sani. Rashin saninsa kuwa da lafiyar ƴaƴanmu ake biyansa.

Abdu Mumuni sai da ya je Dakar da Paris kafin ya samu wannan ilimi. Yaron Buza ko yarinyar Keita yau ba sai sun ƙetare teku ba. Bayan birebe akwai ajin kimiyya a lise, bayan bak akwai sashen kimiyya a Yamai, akwai kuma a Maraɗi, a jami'ar da ke ɗauke da sunan Dan Dikko Dankulodo, wani masanin kimiyya ɗan Maraɗi da ya riƙe ministan ilimi. Karatun da wuya, babu mai ɓoye wannan. Akwai lissafi, akwai haddar allon sinadarai, akwai shekaru na haƙuri alhali sa'o'in yaro sun tafi bida suna aiko da kuɗi. Yara da yawa suna gudun ajin kimiyya tun kafin su gwada, wasu kuma iyaye ne ke cire su don gona ko aure.

Saboda haka kira gare ku iyaye: in mushe ya ce yaronku ko ƴarku na da kan lissafi, ku daure ku bar su. Ku kuma ƴan uwa da ke waje, cikin abin da kuke aikowa na gini da biki, a ware na littafi da na haya ga ƙanen da ke jami'a. Jikan maƙerin da ya fitar da ƙarfe daga dutsen Adar ba zai kasa gane ƙarfe a kan allo ba.

Allah ya jiƙan Furofesa Abdu Mumuni, ya kai haske kabarinsa, ya ba ƙasarmu masu gadonsa. Amin.